Yadda Ake Karanta Tuta da Hayaƙi a Zanen Yaƙin Teku

Wanda ya fara tsayawa gaban zanen yaƙin jiragen ruwa na Turai, irin na zamanin da iska ke tura jirgi, abin da idonsa ke kamawa hargitsi ne kawai: hayaƙi ya turnuƙe, tutoci suna kaɗawa ta ko'ina, mutane a cikin ruwa. Amma waɗanda suka biya aka yi waɗannan zane-zane, da yawansu hafsoshin ruwa ne da sarakunansu, kuma suna karanta su kamar yadda malami ke karanta allo. Tuta tana gaya musu jirgin na waye, wane ne a cikinsa, kuma a wane hali yake. Hayaƙi yana gaya musu inda iska ta fito da abin da ke ƙonewa. Saboda haka ƙa'idar aikin ita ce ka fara ɗaukar tuta da hayaƙi a matsayin shaida. Sai ka gama tantance abin da ya dace da gaskiyar yaƙin, sannan ka ga inda mai zanen ya kauce da gangan. A wannan kaucewar ma'anar da yake son isarwa take zaune.

Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. Jigo shi ne doguwar sandar da ke tsaye a kan jirgi, kuma babban jirgin yaƙi yana da uku: na gaba, na tsakiya wanda ya fi tsawo, da na baya. Filafilai su ne manyan ƙyallayen da ake ɗaurawa a jikin jigo don iska ta tura jirgin.

Ka nemi hoto babba wanda za ka iya faɗaɗawa a waya ko kwamfuta. Gidan tarihin harkar teku na Greenwich a Landan da Rijksmuseum na Amsterdam suna sa hotunan zanensu a intanet. Ka rubuta shekaru biyu kafin komai: shekarar yaƙin da shekarar zanen. Tazarar da ke tsakaninsu za ta yi maka amfani a gaba.

Mataki na farko: nemo iska

Kada ka fara da launin tuta. Fara da inda ta nufa. Abubuwa huɗu ne ya kamata su yarda da juna: kumburin filafilai, wutsiyar tutoci, inda hayaƙi ke gangarawa, da fuskar raƙuman ruwa. Jirgin da iska ke turawa daga baya, tutocinsa gaba suke nufa, wajen goshinsa, domin iskar ta fi jirgin sauri. Mai zanen da bai san teku ba yakan ja tutar baya kamar ta mahayin doki a guje, alhali filafilan sun kumbura gaba. Da ka ga wannan saɓani, ka rage yarda da sauran bayanan zanen.

Idan ka gano iska, ka gano wanda ke saman iska, wato wanda iska ke fara isa gare shi, da wanda ke ƙasanta, kuma wannan shi ne rabin dabarar yaƙin zamanin. Na saman iska shi ke zaɓar lokacin kai hari, hayaƙinsa kuma yana tafiya ya rufe idon abokin gaba. Amma iska tana karkatar da jirginsa wajen abokan gaba, har idan teku ta yi tsauri tagogin igwa na hawan ƙasa su kusa shan ruwa, a kasa buɗe su. Na ƙasan iska bakin igwoginsa sama suke kallo, kuma hanyar janyewa a buɗe take gare shi. Turawan Ingila sun fi son saman iska da harbin gangar jikin jirgi. Faransawa sun fi yarda da ƙasan iska da harbin jigo da igiyoyi don su gurgunta jirgi. Shi ya sa a zane mai kyau za ka ga filafilan jiragen Ingila sun zama kamar rariya ko a yaƙin da suka yi nasara.

Ka lura kuma da filafilan ƙasa. A lokacin faɗa akan naɗe su, a bar na sama, don kada tartsatsin igwa ya kama su kuma don a riƙa ganin gaba. Jirgin da ya baza dukan filafilansa, ko dai yana bin wani ne, ko yana gudu, ko yana hanzarin isa fagen fama.

Mataki na biyu: kowace tuta da mazauninta

Nan ne aikin ya fi yawa. Wurin da tuta take ya fi launinta muhimmanci.

Babbar tuta a bayan jirgi ita ce ta ƙasa. Kada girmanta ya sa ka zargi mai zane da ƙari: tutar jirgin Sifen San Ildefonso da Ingila ta kama a yaƙin Trafalgar na 1805, wadda ke Greenwich yanzu, faɗinta ya kusa mita 10, tsawonta ya wuce mita 14. An yi su haka ne don a gane su ta cikin hayaƙi. Ƙaramar tuta a goshin jirgi ita ma ta ƙasa ce. Siririyar tuta doguwa mai kama da zare a ƙolin jigon tsakiya tana nufin jirgin yaƙi ne na gwamnati da ke bakin aiki ƙarƙashin kyaftin. Idan kuwa tuta mai kusurwa huɗu ce a ƙolin jigo, to admiral, wato babban kwamandan rundunar jirage, yana ciki, kuma jigon ne ke faɗin muƙaminsa. A tsarin Ingila cikakken admiral yana ɗaga tasa a jigon tsakiya, mai bi masa a na gaba, na ukunsu a na baya. Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin tutar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa bai wa jagororin jihadi ita ma izini ce da iko a hannun mutum guda.

Yanzu sai launi, kuma da shi ake gane zamani.

Ingila ta raba rundunarta gida uku, Ja da Fari da Shuɗi, har zuwa 1864. Saboda haka jar tuta a jirgin yaƙin Ingila kafin wannan shekara ba ta nufin jirgin fatake, ko da yake daga 1864 aka bar wa 'yan kasuwa ja, sojan ruwa suka riƙe fara. Farar tutar sojan ruwan Najeriya mai ɗauke da tutar ƙasa a kusurwa daga wannan tsari ta samo asali. Ka faɗaɗa kusurwar sama ta tutar Ingila. Idan jan gicciye ne kaɗai a kan fari, kafin 1707 ke nan. Idan an haɗa shi da farin gicciye karkatacce a kan shuɗi, tsakanin 1707 da 1800 ne. Idan akwai siririn jan layi a cikin karkataccen farin, daga 1 ga Janairu 1801 ne, bayan haɗewa da Ayalan. Mai zanen da ya sa wannan jan layi a yaƙin 1798 ya tona wa kansa asiri cewa daga baya ya yi aikin, kuma bai bincika ba.

Faransa ce ta fi ruɗar da mutane. Kafin juyin juya hali tutar sojan ruwan sarkinta fara ce fat. Wanda bai sani ba zai kalli zanen yaƙin Chesapeake na 1781 ko na Saintes na 1782 ya ce dukan jiragen Faransa sun miƙa wuya, alhali tutarsu ce suke faɗa a ƙarƙashinta. A 1790 aka ƙara launuka uku a kusurwar farar tutar, a 1794 aka koma shuɗi da fari da ja gaba ɗaya, sannan fara ta dawo bayan faɗuwar Napoleon har zuwa 1830. Sifen ma fara take amfani da ita mai tambarin sarauta, har sarki Carlos na Uku ya sauya ta a 1785 zuwa ja da rawaya da ja, saboda fararen tutocin masarautu da dama suna rikitar da masu hange daga nesa. Ta Holan ruwan lemo ce da fari da shuɗi, a tsakiyar ƙarni na 17 ruwan lemon ya koma ja. Idan ka ga jar tuta zalla a bayan jirgin admiral na Holan, umarni ne na a far wa abokan gaba, su da kansu tutar jini suke kiranta. Ta sojan ruwan Rasha fara ce da shuɗin gicciye karkatacce. Ta Daular Usmaniyya ta Turkawa galibi ja ce da jinjirin wata, kuma tauraro mai tsini biyar da aka sani yau na 1844 ne, don haka ganinsa a zanen yaƙin Lepanto na 1571 kuskuren zamani ne.

Hattara da umarnin ranar yaƙi, domin yakan karya ƙa'ida. A yaƙin Nilu, gaɓar Abukir ta Masar, ranar 1 ga Agusta 1798, admiral na Ingila Nelson na rundunar Shuɗi ne, amma jiragensa farar tuta suka ɗaga da fitilu huɗu a jere, saboda faɗan ya shiga dare. A Trafalgar ma mataimakinsa Collingwood na Shuɗi ne, amma duka jiragen farar tuta suka yi faɗa da ita don kada a ruɗe da ta Faransa.

Mataki na uku: halin da tutar take ciki

Sauke tutar ƙasa shi ne miƙa wuya. Ka duba bayan kowane jirgi ko akwai mutum yana jan igiyar tuta ƙasa. Tuta biyu a sanda ɗaya, wata a kan wata, na nufin an kama jirgin, kuma ta sama ita ce ta wanda ya kama. Tuta a kife neman agaji ne. Tutar da harsashi ya kakkaɓo ba miƙa wuya ba ce, amma tana iya jawo rashin fahimta, shi ya sa jirage kan ɗaga tutar ƙasa fiye da ɗaya a ranar faɗa. A yaƙin Camperdown na 1797 an harbo ƙolin jigon da ke ɗauke da tutar Admiral Duncan na Ingila, wani matuƙi mai suna Jack Crawford ya hau ya kafe ta da ƙusa. Duk inda ka ga mutum a maƙale a jigo da tuta a hannu, wannan saƙo ake nufi: ba mu sallama ba.

Tutar da ke jan ruwa ko take yawo a kan teku ita ce ta fi fitowa daga tunanin mai zane. Ka tambayi kanka ta waye, kuma wa ke riƙe da ita. Idan ta wanda aka ci ce, ƙasƙanci ake nunawa. Idan ta mai nasara ce, kusa da gawa ko masu nutsewa, mai zanen yana faɗin tsadar nasarar.

Akwai kuma jerin ƙananan tutoci masu launi daban-daban a igiya guda. Waɗannan saƙo ne, kowace tuta lamba ce, kuma ba za ka karanta su ba sai ka san littafin lambobin da rundunar ke amfani da shi a shekarar. Kada ka fassara su da tsarin tutocin saƙo na jiragen yau, ba za su ba da ma'ana ba. Ƙaramin jirgin da ka gani tsaye a gefe, ba ya harbi, yana ɗauke da irin jerin tutocin da ke jirgin admiral, ba tsoro ya hana shi shiga ba. Aikinsa ke nan, ya tsaya inda babu hayaƙi ya maimaita saƙon don sauran jirage su gani.

Mataki na huɗu: launin hayaƙi

Albarushin zamanin kashi 75 cikin ɗari gishirin albarushi ne, 15 gawayi, 10 farar wuta. Idan ya ƙone, fiye da rabin abin da ya bari ƙura ce mai ƙwari, shi ya sa hayaƙinsa fari ne mai kauri, wani lokaci da ɗan toka-toka ko rawaya. Yana fita daga bakin igwa a miƙe, ya dunƙule, ya kwanta a kan ruwa, sannan iska ta ja shi a hankali. To farin hayaƙi a gefen jirgi harbi ne, kuma jirgin yana da rai.

Baƙin hayaƙi ko mai ruwan ƙasa da ke tashi sama daga cikin jirgin kansa gobara ce. Katako da kwalta da fenti da igiyoyi ne ke ci, kuma matuƙa sun fi tsoron wannan a kan harsashi, domin idan wuta ta kai ɗakin albarushi an gama. Abin da ya sami babban jirgin Faransa L'Orient ke nan a Abukir wajen ƙarfe 10 na dare, kuma kusan duk wanda ya zana wannan yaƙi fashewar ya sa a tsakiya. Ƙaramin jirgi da ke ci da wuta yana nufar babba, da kwalekwale yana barinsa a guje, jirgin wuta ne da aka cinna da gangan. Da irinsa Holan suka ƙone jirgin Ingila Royal James a yaƙin Solebay a 1672.

Dunƙulen hayaƙi guda daga jirgi guda, teku a kwance, babu abokin gaba, gaisuwa ce ko sanarwa. Willem van de Velde ƙarami yana da sanannen zane irin wannan a Rijksmuseum, kuma masu kallo da yawa suna ɗaukarsa yaƙi.

Daga tsakiyar ƙarni na 19 lissafin ya sauya. Navarino, 20 ga Oktoba 1827, shi ne babban yaƙi na ƙarshe da jiragen filafilai zalla suka yi. Bayan nan baƙin hayaƙi daga bututu kwal ne, alamar injin yana aiki, kuma yana iya nufar baya idan jirgin ya fi iska sauri. Faransa ta samar da albarushi mai ƙarancin hayaƙi a 1884, Ingila ta biyo da nata a 1889. Don haka a zanen yaƙin Jutland na 1916 duhun da ka gani yawancinsa na bututu ne da gobara da hazo, da kuma hayaƙin da ƙananan jirage ke saki da gangan don su ɓoye manya.

Mataki na biyar: abin da hayaƙin ya rufe

A yaƙi na gaske, bayan 'yan mintoci da fara harbi, mutumin da ke cikin jirgi ba ya ganin komai sai na kusa da shi. Duk zanen da ya nuna maka jirage 20 tas, mai zanen ya share hayaƙi saboda kai. Tambayar ita ce, wa ya share wa, wa ya bari a rufe. Yawanci jirgin admiral na ɓangaren da ya biya kuɗin yana fitowa sarai, da farin hayaƙi a bayansa don baƙaƙen igiyoyinsa da tutarsa su fito. Abokan gaba kuwa sai ƙolin jigo da tuta kawai ake bari suna leƙowa. Hayaƙi kuma yana iya raba lokuta: misali, abin da ke hagunsa ya faru da hantsi, na damansa da la'asar, shi ne labulen da ke tsakani.

Wasu sun juya wannan al'ada. Édouard Manet, a zanensa na faɗan jiragen yaƙin basasar Amurka Kearsarge da Alabama da aka yi kusa da Cherbourg ranar 19 ga Yuni 1864, ya bar jirgin da ya yi nasara kusan a ɓoye bayan hayaƙi, ya sa mai nutsewa da faɗin ruwa a gaban ido. Paolo Veronese kuwa, a zanensa na Lepanto, inda Kiristocin Turai suka ci Turkawa, ya raba allon biyu: jirage a ƙasa, waliyyan Kirista a kan gajimare a sama, haske yana sauka kan ɓangare ɗaya, duhu kan ɗayan. Wannan da'awa ce ta addini cewa nasarar daga sama ta zo, kuma haka ya kamata a karanta ta.

Nan ne shekaru biyun da ka rubuta da sanin wanda ya biya za su yi aiki. Willem van de Velde babba yakan bi rundunar Holan a ƙaramin jirgi yana zana abin da ya gani, har ya sa kansa a zanen yaƙin Scheveningen na 1653. Daga baya shi da ɗansa suka koma Ingila, sarki Charles na Biyu yana biyan kowannensu fam 100 a shekara, suka shiga zana yaƙe-yaƙen daga ɓangaren da dā suke abokan gaba. Nicholas Pocock tsohon kyaftin ne na jirgin fatake, kuma ya kalli yaƙin 1 ga Yuni 1794 daga cikin jirgi. Iskar irin waɗannan mutane abin dogaro ce. Ivan Aivazovsky kuwa ya zana ƙonewar rundunar Usmaniyya a Chesma a 1848, shekara 78 bayan aukuwarta, yana mai zanen hukumar sojan ruwan Rasha. Wutarsa tana da ban tsoro, amma murna aka zana, ba rahoto ba.

Gwaji a kan zane guda

Ɗauki Trafalgar na J. M. W. Turner, wanda sarki George na Huɗu ya sa shi ya yi tsakanin 1822 da 1824. Abin da aka tabbatar shi ne an yi yaƙin ranar 21 ga Oktoba 1805, jiragen Ingila 27 da na Faransa da Sifen 33, iska mai rauni ƙwarai. Kafin tsakar rana Nelson ya aika saƙonsa cewa Ingila tana sa ran kowane mutum zai sauke nauyin da ke kansa. An ɗaga shi sau 12, takwas na kalmomi, huɗu na haruffan kalmar ƙarshe, D, U, T, Y, wato nauyi, domin babu ita a littafin lambobin. Da aka gama sai aka sauke, aka ɗaga lamba 16, wato a matsa kusa da abokan gaba.

Yanzu dubi zanen. Jirgin Nelson, Victory, ya cika allon, ya fi girman da ido zai gani daga ruwa. Haruffan ƙarshe na wancan saƙo suna kaɗawa a jigon tsakiya ana tsakiyar faɗa, alhali an riga an sauke su. Wani sashe na jigo yana faɗuwa. Jirgin Faransa Achille yana ci da wuta, abin da ya faru da yamma. Wani na Faransa, Redoutable, yana nutsewa, shi kuwa sai washegari ya nutse. A gaba, cikin ruwa, matuƙa suna kokawar ceton rai kusa da tutar Ingila. Hafsoshin ruwa sun yi ta sukar zanen, kuma a 1829 aka ɗauke shi daga fadar St James aka kai Greenwich. Sukar tasu daidai ce ta fuskar lokaci. Amma jera kurakuran wuri guda ka gani: duka sun nufi abu ɗaya. Kalmar nauyi tana sama, mutanen da suka sauke shi suna ƙasa a ruwa, hayaƙi ya haɗa abin da ya faru cikin fiye da yini guda ya zama kallo ɗaya. Kuskuren jahilci a warwatse yake zuwa, tuta baya, filafilai gaba. Na Turner a tsare yake, shi ya sa ake kiransa ma'ana.

Ga mai son zana nasa

Ka ja kibiya ɗaya ta iska a gefen takarda kafin ka zana jirgi ko ɗaya, kuma kada tuta ko hayaƙi su saɓa mata. Ka ƙayyade rana da sa'a, ka tabbatar da tutar kowace ƙasa a wannan shekara. Ka ƙirga layukan tagogin igwa: jirgi mai igwa 74 hawa biyu ne, irin Victory mai 104 hawa uku, ƙananan masu leƙen asiri hawa ɗaya. Farin hayaƙi kada ka shafa shi da fari zalla, zai zama kamar auduga a manne. Ka sa toka mai ɗan shuɗi a gefen inuwa, ɗan rawaya a gefen rana, ka bar bakinsa da kaifi kusa da igwa, ya yi laushi yayin da yake nisa. Ka zana jigo da igiyoyin jirgin da ke baya tukuna, sannan ka rufe su da hayaƙi sama-sama yadda za su riƙa ɗan bayyana. Tutar da ke cikin hayaƙi launinta ya dusashe, ja ya koma ruwan hoda, shuɗi ya koma toka. Tuta ɗaya tak za ka bar wa cikakken launinta, wadda kake so ido ya fara sauka a kai.